Ƙanƙanta Gwajin Ingancin Magungunan Nukiliya na Ɗaukar Hoton Jiki: Nazarin Ci Gaba da Iyakoki

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yunƙurin rage girman kayan gwajin da ake tantance magungunan nukiliya da su kafin a yi wa majinyaci allura. An kwatanta tsohuwar hanya da sababbi ta fuskar lokaci, yawan samfur da amincin sakamako. Nazarin ya nuna cewa ƙanƙantawa na ceton ƙarfin magani, amma gwajin ƙwayoyin cuta bai bi sahu ba tukuna.

1.0 Gabatarwa

Maganin nukiliya yana fara rasa ƙarfi tun daga lokacin da aka haɗa shi. Ƙarfin teknishiyam-99m na raguwa zuwa rabi cikin awa 6, na fulorin-18 cikin kusan minti 110, na kabon-11 kuwa cikin minti 20 kacal. Jinkirin rabin awa a ɗakin gwaji yana cinye kusan kashi 17 cikin ɗari na ƙarfin FDG, maganin fulorin-18 da ake gano ciwon daji da shi a na'urar PET, yana kuma cinye kusan kashi 65 na maganin kabon-11. Duk da haka, dole ne a gwada kowane haɗi kafin a fitar da shi.

2.0 Gwaje-gwajen da Doka ta Wajabta

Kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka ya gindaya cewa aƙalla kashi 90 cikin ɗari na radiyeshan ɗin da ke cikin FDG ya kasance a ainihin siffarsa, na Turai kuwa ya ce kashi 95. Ana auna tsamin ruwan, da ragowar sinadarin Kryptofix 2.2.2 mai guba, da ragowar asitonaitiril, da dafin bakteriya. A ruwan teknishiyam ana duba molibidinam-99 da alminiyam da suka tsallako daga janaretan da ake samar da teknishiyam ɗin da shi. Kowane gwaji da na'urarsa, wanda hakan ke buƙatar fili, kuɗi da ƙwararrun ma'aikata.

3.0 Matakan Ƙanƙantawa

Matakin farko shi ne na siririyar takardar kiromatogirafi. A shekarar 1977 Zimmer da Pavel suka bayyana hanyar da ake ɗiga ɗigo ɗaya na maganin teknishiyam a kan gajeriyar takarda, a tsoma gindinta cikin ruwan narkarwa, a yanka ta, a ƙirga radiyeshan na kowane ɓangare. Cikin 'yan mintoci ake gane teknishiyam ɗin da bai kama magani ba.

Mataki na biyu shi ne ɗan faranti mai magudanai sirara kamar gashi. Masu bincike a Jami'ar Hull da ke Ingila da Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas sun yi aiki kan mayar da gwaje-gwaje irin na tsami, na Kryptofix da na rarrabe sinadarai kan irin waɗannan faranti. Samfurin da ake buƙata bai wuce 'yan maikurolita ba, don haka radiyeshan ɗin da ke taɓa hannun ma'aikaci ya ragu. Gwajin dafin bakteriya ma, wanda a da yake cin awa guda, yanzu na'urar Endosafe kan kammala shi cikin kusan minti 15.

4.0 Iyakoki

Gwajin tabbatar da rashin ƙwayoyin cuta har yanzu kwana 14 yake ɗauka, wato sakamakonsa na fitowa bayan an riga an yi allurar. Abin da ake dogara da shi kafin nan shi ne gwajin lafiyar matatar da ake tace maganin da ita, wadda ramukanta ba su wuce maikuromita 0.22 ba. Haka kuma, ƙaramin samfur na rage ƙarfin gano gurɓatawa ƙalilan, kuma wasu robobin faranti na riƙe magani a jikinsu, su karkatar da sakamako.

5.0 Kammalawa

Ƙanƙantawa za ta fi amfanar cibiyoyi masu ƙarancin ma'aikata, irin sassan likitancin nukiliya na Ibadan da Abuja. Amma saurin na'ura ba hujjar amincinta ba ne. Maƙalar na ba da shawarar kada a karɓi wata ƙaramar hanya sai an gwada ta kafaɗa da kafaɗa da hanyar kundin ƙa'idoji, an ga sakamakonsu ya zo ɗaya.