Tarihin Yaƙi da Ƙuma: Daga Tsintsiya da Rana zuwa Magungunan Zamani

A Tarai da sauran ƙauyukan ƙasar Kibiya da Rano, kare tsohon abokin aiki ne. Shi ke gadin garke da dare, shi ke bin mafarauta daji idan rani ya yi. Amma duk inda kare ya kwanta, ko kaza ta yi kwanci, ko ɓera ya haƙa rami a gindin rumbu, a nan ƙuma ke samun masauki. Daga can take shiga ɗaki ta hau ƙafafun yara, su kwana suna susa har fata ta yi miki.

Kakanninmu sun yaƙe ta da abin da ke hannunsu. Suna share ɗaki safe da yamma, suna sabunta daɓe, suna toshe tsagar bango da yaɓe, suna baza tabarmi da tsummokara a rana, suna barbaɗa toka a akurkin kaji. Da darbejiya ta bazu a Arewa a zamanin Turawa, ganyenta ma ya shiga cikin dabarun korar ƙwari. A wancan lokaci ana kallon ƙuma a matsayin fitinar ƙaiƙayi kawai.

Wannan kallo ya canza a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da annobar ɓera, wadda ke kumbura kaluluwa ta yi kisa cikin 'yan kwanaki, ta ɓarke a nahiyar Asiya. A 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong. A 1898 wani likitan Faransa, Paul-Louis Simond, ya nuna a Karachi cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga jinin ɓera. Jiragen ruwa suka yi ta yaɗa annobar daga tasha zuwa tasha, har ta isa Legas a 1924, ta zauna zuwa 1931, ta halaka fiye da mutum 1,800. Hukumomin mulkin mallaka suka dage da kashe ɓeraye da binciken tsaftar gidaje, irin aikin da iyayenmu suka sani a hannun duba-gari.

Sai aka shiga zamanin guba. A 1939 Paul Müller, ɗan ƙasar Suwizalan, ya gano ƙarfin DDT wajen kashe ƙwari, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1948. Daga baya Gammalin 20 ya cika kasuwannin Najeriya, wasu suka riƙa wanke dabbobi da shi. Ba a daɗe ba ƙwari suka fara jure wa waɗannan magunguna, aka kuma gane cewa suna daɗewa a ƙasa da ruwa da jikin ɗan Adam. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita DDT, a 2009 kuma aka saka sinadarin da ke cikin Gammalin a jerin waɗanda za a daina. Fiya-fiya ta gaji wurinsu a gidajenmu, da irin nata haɗarin: a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper saboda yawan mutanen da yake kashewa.

Ilimin da ya fi amfani ya zo ne daga nazarin rayuwar ƙumar kanta. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai 40 zuwa 50 a yini. Ƙwan ba ya maƙalewa a gashin kare, zubowa yake yi a makwancinsa da tsagar daɓe. A can yake ƙyanƙyashewa ya zama tsutsa, ta naɗe kanta cikin saƙa ta jira makonni, wani lokaci watanni. Waɗanda ake gani a jikin kare kusan kashi 5 ne kawai cikin 100, sauran suna ƙasa. Shi ya sa mutum zai wanke karensa yau, bayan mako biyu ya ga kamar bai yi komai ba. Ashe tsintsiya da ranar kakanninmu kan tushen matsalar suke sauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tun shekarun 1990 an samu magunguna irin su fipronil da imidacloprid, waɗanda ake ɗiga wa kare a ƙeya sau ɗaya a wata. A nemi shawarar malamin dabbobi kan adadin da ya dace da nauyin karen, a kuma ci gaba har wata uku a jere, domin a tare masu ƙyanƙyashewa daga baya. Kada a sa wa kyanwa maganin kare mai ɗauke da permethrin, yana iya kashe ta. Kada a zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a jikin dabba ko a ɗakin kwana. A share makwancin kare kullum a ƙone sharar, a wanke shimfiɗu da ruwan zafi a shanya, a toshe ramukan ɓera.

Yaron da cizon ya yi masa ruwa ko ya kumbura, ko aka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a bayan gidansa, a kai shi asibiti, domin haɗiye ƙuma kan jawo tsutsar ciki. Haka nan duk zazzaɓin da ya biyo bayan cizo, kada a tsaya jira.