Daga Fim Zuwa Katin Memori: Yadda Hoto Ya Zauna a Gombe

Duk gidan da ka shiga a unguwar nan, in ka yi sa'a tsohuwar gidan ta buɗe maka adakarta, za ka tarar da wani tsohon ambulan a ƙasan zannuwa. Ciki hotuna ne baƙi da fari, galibi na fasfo, wasu har sun fara ja. Mu da kakanninmu suka taso daga Kano, Katsina da Zazzau, waɗannan 'yan takardu su ne kusan abin da ya rage mana na fuskokin mutanen da suka sari unguwar.

Gombe ai yarinya ce in an gwada ta da biranen da muka baro. Sai a 1919 aka dawo da fadar masarauta nan Doma daga Nafada. Cinikin auduga da gyaɗa ya jawo baƙi, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963. Masu hoto ma ta wannan hanya suka biyo, da yawansu Yarbawa ne, kamar yadda aka gani a sauran garuruwan Arewa. Dattawanmu da fari ba su sake da abin ba, don malamai suna da magana a kan sura. Larura ce ta sassauto da su: ba a zuwa Makka sai da fasfo, makaranta da wurin aiki su ma sai da hoto. Shi ya sa za ka ga Alhaji a hotonsa ya ɗaure fuska tamau, kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

A zamanin fim, kowace dannawa kuɗi ce. Naɗi ɗaya na Kodak ko Agfa ko Fuji hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. In ka ɓata hoton ɗaurin aure, to ka ɓata ke nan, ba wanda zai sake tara maka jama'a. Wannan tsoron ne ya sa yaron shago sai ya haddace abu uku kafin maigida ya yarda ya riƙa masa kyamara.

Na farko ƙofar haske, wadda lambarta ke tafiya a juye: f/2.8 a wangale take, f/16 kuwa 'yar tsaga ce. In ka buɗe ta, mutum ya fito raɗau, bayansa ya dushe. In ka tsuke, na gaba da na baya duk su fito, abin da hoton dangi ke bukata ke nan. Na biyu saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da ake barin haske ya shiga. Na uku ƙarfin fim wajen jin haske, wanda suke kira ASA, yau kuma ISO: 100 na rana ne, 400 na inuwa. Har ƙa'ida gare su: in rana ta take, fim 100, ƙofa f/16, ƙiftawa 1/125, ka danna ba fargaba.

Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996, aiki ya buɗe. Ma'aikata sun dawo daga Bauci, ga taron gwamnati, ga bukukuwa. Ashe ƙarshen fim ne ya matso. Tun 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta bukatar fim, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Kamfanin ya yi sanyin jiki da abin, a 2012 kuwa sai ga shi ya bayyana karyewarsa a kotu. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya ta zo da tata kyamarar, ta ƙarasa shagunan wanki.

Yau yaranmu na rataye da Canon da Nikon, madalla. Amma mu faɗi gaskiya, da yawa a otomatik suka bar su tun ranar saye. Ku dubi hotunan Sallar bana. Mutum ya sha farar shadda da tsakar rana, kyamara ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske, rigar ta koma toka-toka, fuskar kuwa ta zama gawayi. Maganinsa maɓallin nan mai alamar +/-, a ƙara zuwa +1, ko a jawo mutumin inuwa. Dawakin hawan Sallah a ƙofar fada kuwa ba sa tsayuwa a 1/60, sai 1/500 ko 1/1000. Da dare a wurin kamu, ɗaga ISO zuwa 1600 ya fi a dallare amarya da filasha. Ba sabon ilimi ba ne, abu ukun nan ne na tsofaffi, sai dai yanzu kuskure kyauta ne, kana iya dubawa ka sake.

Abin da ya fi damunmu shi ne ajiya. Nagatif ɗin kakanninmu ya shekara hamsin a ambulan, amma hotunan sunan yaran da aka haifa shekara goma da suka wuce sun tafi da katin da aka goge ko wayar da aka sace. Wanda ke da hoton da yake ji da shi, ya kai a buga masa a takarda. Tsofaffin na adaka kuma a fito da su a sake ɗauka: a shimfiɗa a inuwar zaure kusa da ƙofa, a kashe filasha, ISO 100, kyamara ta kalli hoton kai tsaye. Sannan a zaunar da Hajiya ta faɗi sunan kowa da garin da ya fito, a rubuta a baya da fensir, don biro yana cin takarda.