Hurumin Cire Kyarkeci Daga Jerin Kariya a Dokar Amurka

Sashe na 4 na dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda Shugaba Nixon ya sanya wa hannu a Disambar 1973, hanya ɗaya ya shimfiɗa domin shigar da halitta jerin kariya da kuma fitar da ita. Hukumar kula da kifaye da namun daji ce ke auna abubuwa biyar, ciki har da lalacewar mazauni, yawan farauta, cututtuka da raunin dokokin da ake da su. Gyaran 1982 ya hana sanya lissafin riba da asara cikin wannan awo. Ƙarfin dokar a kotu sananne ne (shari'ar TVA da Hill, 1978).

Inda ake jayayya shi ne ko majalisa na iya tsallake wannan hanya. Ɗan majalisa Mike Simpson na Idaho, tare da Sanata Jon Tester na Montana, sun amsa da cewa tana iyawa. A Afrilun 2011 suka cusa sakin layi cikin dokar kasafin kuɗi wanda ya cire kyarketan jihohinsu daga jerin, ya kuma hana kotu sake duba lamarin.

Hujjar Simpson ba ta wasa ba ce. Burin farfaɗowa a Idaho, Montana da Wyoming kyarketai 300 ne, an cika shi tun 2002, kuma zuwa ƙarshen 2010 adadin ya haura 1,600. Hukumar da kanta ta cire su a 2009. Alƙali Donald Molloy ne ya soke matakin a Agustan 2010, makiyaya kuwa na ci gaba da asarar dabbobi. A wannan fahimta, majalisa ta tabbatar da hukuncin masana ne kawai.

Sai dai Molloy bai ce kyarketai sun yi kaɗan ba. Abin da ya ce shi ne doka ba ta yarda a ɗauki al'ummar dabba guda a raba ta bisa iyakar jiha ba, a saki Montana da Idaho a riƙe Wyoming. Gyaran wannan aibi, da alama, yana hannun Wyoming, wadda tsarinta ya bar kyarkeci a matsayin abin harbi a mafi yawan ƙasarta. Majalisa ta bar aibin, ta rufe ƙofar kotu.

Dole a taƙaita da'awar a nan: kyarketan Montana da Idaho ba su ƙare ba bayan 2011, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta halatta sakin layin a 2012. Abin da hujja ke iya ɗauka shi ne cewa an kafa misali. A Afrilun 2024 majalisar wakilai ta amince, da ƙuri'a 209 a kan 205, da ƙudirin cire kyarkeci a faɗin ƙasar, ɗauke da irin wancan hani ga kotu, bayan da wani alƙalin tarayya ya soke, a Fabrairun 2022, irin wannan cirewa da hukumar ta yi a 2020, bisa raunin nazarin hukumar.