Gyaɗar Manomi da Ofisoshin Kaduna

Cikin shekarar 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka tashi da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta Kaduna. Arewa da kogi aka kafa gidan Gwamna da ofisoshi, daga baya kuma aka gina zauren nan mai suna Lugard Hall, inda Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai su ka riƙa zama. Kaduna garin ma'aikata ne da soja, ba a san ta da noman gyaɗa ba. Amma shekara da shekaru, abin da aka shirya a waɗannan ofisoshi shi ke nuna ko manomin Gumel ko na Ƙaura Namoda zai sami abin biyan haraji har ya yi rarar ɗinka riga.

Asalin maganar ya girme wa garin. Sa'ad da jirgin ƙasa ya isa Kano cikin 1911, Turawa auduga su ke ɗoki, don masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa su ka duba su ka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga ta ba ta gajiyar da ƙasa, in ciniki ya ƙi kuma a ci ta a gida. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tasha. A wannan zamani kamfanoni irin su Janhol ke saye, kuɗin kuwa bana ya hau, baɗi ya faɗi. Da kasuwannin duniya su ka karye cikin 1929, manomi ya kai buhu kanti ya komo da abin da bai taka kara ya karya ba, haraji kuwa na nan bai ragu ba.

Cikin Yaƙin Duniya na Biyu Gwamnatin Ingila ta karɓe cinikin a hannunta. Bayan yaƙi ba ta sake shi ba, sai aka kafa hukumar cinikin gyaɗa da ta auduga cikin 1949. Da aka yi sabon tsarin mulki cikin 1954, shekarar da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama Firimiya, aka ba kowace jiha hukumarta, ta Arewa ta koma ƙarƙashin Gwamnatin Kaduna.

Ga yadda aikin ya ke tafiya. Kafin a buɗe ciniki, sai a yanka kuɗin tan guda a sanar, watau ba mai ragewa har kaka ta ƙare. Hukuma ba ta zuwa ƙauye da kanta, sai ta ba waɗansu kamfanoni da attajirai lasin su saya mata, kamar su U.A.C. da Alhassan Ɗantata, su kuma su ba yaransu kuɗi su bi kasuwanni da sikeli. Ita kaɗai ke da ikon sayarwa ƙasashen waje. Alkawarin da aka yi wa manomi shi ne, in kasuwar duniya ta yi kyau za a ɗebe wani abu a ajiye masa, ran da ta ɓaci a cika masa daga ajiyar.

Kada a ƙi gaskiya, tsarin ya yi amfani. Mutum ya kan san kuɗin gyaɗarsa tun tana cikin rumbu, ɗan baranda bai iya ruɗinsa da cewa kasuwa ta faɗi jiya. An sa masu duba kaya, har gyaɗar Arewa ta yi suna wajen tsabta. An riƙa rabon irin auduga, an taimaki aikin binciken noma na Samaru, an gyara waɗansu hanyoyi. Cikin shekarun 1960 akwai lokacin da ba ƙasar da ta fi Nijeriya fid da gyaɗa waje duk duniya. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda a kan ce guda tana cin buhu wajen 15,000, ta shiga hotuna ko'ina. Ko da ya ke, in an bi ta barauniyar hanya, dalar nan shaida ce ta ƙarancin taragu, don gyaɗar da jirgi ya kasa kwashewa zuwa Ikko ita ce a ke tarawa haka.

To, ina ajiyar ta tafi? Nan ne gizo ke saƙa. Wani masani mutumin Kanada, Gerald Helleiner, ya bi lissafin hukumomin daga 1947 zuwa 1961, ya tarar in an haɗa rarar da hukuma ta riƙe da kuɗin fito da sauran haraji, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata mai gyaɗa ya samu bai kai hannunsa ba. Watau cikin kowane fam guda, sule biyar sun tsaya a hanya. Kuɗin da aka ce ajiya ce sannu a hankali su ka zama taskar Gwamnati. Da su aka ba da rance, da su aka sa jari a kamfanoni. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri, ƙetaren kogi, cikin 1957, hukumar ciniki na cikin masu jarinta tare da wani kamfanin Ingila, David Whitehead.

Masu mulki suna da hujjarsu, ba kuwa ta banza ba ce. Arewa ba ta da koko, ba ta da tashar jirgin ruwa, an bar ta baya wajen makarantu, ga mulkin kai ya ƙarato. In ba a ɗebo daga gyaɗa da auduga ba, daga ina za a ɗebo? Abin da ya ɓata lissafin shi ne rabo. Lantarki da famfo da kwalta da albashi sun taru a birane, ƙauyen da ya biya kuwa ya zauna da rijiyarsa da hanyar jaki. Ba a kuma taɓa shawartar manomi ba, don ba shi da kujera inda a ke yanka kuɗin. Ya dai ji an ce tan guda kaza ne bana.

Manomi bai iya kai ƙara Lugard Hall ba, amma yana da dabarunsa. Wanda ke kusa da iyaka, in kuɗi ya fi kyau wajen Maraɗi, sai ya ɗora wa jaki da dare. Wani ya sayar wa mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, don sun fi hukuma biya. Wani kuwa ya rage gyaɗa ya ƙara dawa da gero. Bayan an raba Arewa jihohi shida cikin 1967, kowace jiha ta sa ido ga kuɗin hukumar, abin ya ƙara tsanani.

Cikin 1973 Gwamnatin Janar Gowon ta karɓe ikon yanka farashi daga jihohi, ta sauƙaƙa harajin amfanin gona, ta ƙara kuɗin saye, gama a lokacin man fetur ya fara cika baitulmali. Gyaran ya zo a makare. Fari ya riga ya sauka tun 1972, ya ci amfani ya ci dabbobi. Cikin 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, mai sa gyaɗa ta tsumbure ta ƙi 'ya'ya, ta halaka gonaki wajen hekta 700,000. Samari su ka nufi birni neman aikin gini da na masaƙa. Ba a jima ba Nijeriya ta daina fid da gyaɗa waje.

Daga nan gyare-gyare su ka yi ta bin juna. Cikin 1977 aka rushe hukumomin jihohi aka kafa na Tarayya, kowane amfani da tasa hukuma. Cikin 1979 Gwamna Balarabe Musa a Kaduna da Gwamna Abubakar Rimi a Kano su ka soke haraji da jangali, watau abin nan da ke tilasta talaka ya sayar da gyaɗarsa da ɗanyen kaka. Aikin raya karkara na Funtuwa, wanda aka fara wajen 1975 da rancen Bankin Duniya, ya kai taki da hanyoyi ƙauyuka, amma masara ce ta ci moriyarsa, ita ta mamaye gonaki.

Cikin 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta soke hukumomin ciniki baki ɗaya, aka ce kowa ya sayar inda ya ga dama. Masu auduga su ka fi jin jiki, don da hukuma ta tafi sai ta tafi da mai duba kaya da mai rabon iri, iri ya gauraye, masaƙu su ka riƙa kuka da audugar. Masaƙar Kakuri ta rufe a farkon shekarun 2000. Gyaɗa kuwa ba ta bar ƙasar Hausa ba, a na nomanta da yawa, sai dai cikin gida a ke cinye ta, farashinta kuma a kasuwanni irin su Dawanau ta Kano ya ke fitowa, tsakanin mai kaya da dillali.