Farfesa Charles Wambebe da Tarihin Maganin Niprisan

Cutar sikila, wadda Hausawa suke kira amosanin jini, tsohuwar cuta ce a ƙasar nan. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu ɗauke da ita a Nijeriya kowace shekara. Daga cikin masanan da suka nemi maganinta a itatuwan gida akwai Farfesa Charles Wambebe, wanda aka haifa a 1946.

Zariya ce ta rene shi a fagen ilimi. A Jami'ar Ahmadu Bello ya sami digirin digirgir a 1979, kan yadda magunguna suke aiki a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma a nan ya koyar har ya zama farfesa. Daga baya aka ba shi shugabancin Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja, wato NIPRD. Nan fa aikinsa ya sauya, domin a aji bayani ake nema daga malami, a cibiya kuwa magani ake nema wanda za a iya ba mara lafiya.

Asalin maganin ba daga ɗakin bincike ya fito ba. Wani malamin coci ne daga jihar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, ya kawo haɗin da yake ba masu sikila. Kayan haɗin huɗu ne: masoro, da kanumfari, da ganyen dawa, da wani itace dangin madobiya wanda Yarabawa suke kira osun. In aka cire na ƙarshen, sauran ba baƙi ba ne a gidan Bahaushe, biyu ma kayan yaji ne. Abin da Wambebe da abokan aikinsa suka yi shi ne auna kowane ɗaya, da gwada ko yana da guba, da mayar da haɗin ƙwaya mai ƙayyadadden nauyi. Suka sa masa suna Niprisan. A 1998 aka yi masa rajistar mallakar fasaha a Amurka, kuma sunan Ogunyale yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Wannan abin a yaba ne, ganin yadda aka saba karɓar sirrin mai maganin gargajiya a manta da shi. Gwajin da aka yi kan majinyata 82, wanda aka buga sakamakonsa a 2001, ya nuna raguwar tashin ciwon, ko da yake adadin bai kai a yanke hukunci na ƙarshe ba.

Matsalar ta taso ne wajen sarrafawa. Cibiyar bincike ba masana'anta ba ce, don haka a 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin yin maganin. A watan Yulin 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi da sabon suna, Nicosan. Ba a je ko'ina ba bashi ya yi wa kamfanin katutu, ya durƙushe a 2008, aka kuma janye lasisin a 2009. Iyayen da suka ga sauƙi a jikin 'ya'yansu suka wayi gari magani ya yi wuyar samu, alhali dawa da kanumfari suna nan jibge a kasuwa.

Sai a 2018 cibiyar ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Nijeriya, wanda ya fito da maganin da sunan Niclovix. A lokacin Wambebe ya daɗe da barin cibiyar, har ya yi aikin farfesa a Jami'ar Fasaha ta Tshwane da ke Afirka ta Kudu. Ya rasu a 2022.