Kaka, Ɗa da Jika: Tarihin Babbar Manhajar da Na Sa wa Kwamfutar Shagonmu



A shagon mahaifina nan Ibadan akwai wata tsohuwar kwamfutar cinya, tokumbo ce, a cikinta muke rubuta bashin goro da kuɗin mota. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, ita kuwa tamu ta tsufa, ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Sai ya rage ko a sayi wata, ko a bar lissafin shago a kan manhajar da ba a toshe mata ƙofofin ɓarayi. Na ce wa Baba akwai babbar manhaja ta kyauta mai suna Linux. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, tun da nake kasuwa ban taɓa ganin kaya ba mai shi ba. Ina ribar wanda ya yi ta?" Wannan tambaya ce ta sa na shiga tonon asalinta.

Labarin ya faro ne a Amurka a 1983, lokacin da Richard Stallman ya shelanta aikin GNU. Ƙorafinsa shi ne, kamfanoni na sayar maka da manhaja amma su ɓoye rubutun da aka gina ta da shi, in ta lalace ba ka da ikon gyarawa. Sai ya tsara lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da manhaja, ya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu, da sharaɗin in ya raba gyararriyar, ya ba da rubutunta kamar yadda ya samu. Lasisin bai hana sayarwa ba, ɓoyewa ya hana. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta ƙwayar da ke haɗa manhaja da ƙarfen kwamfuta, aka haɗa ta da kayan GNU, abin ya tashi.

Tun da kowa na da ikon ɗauka ya gyara, sai gidaje suka yawaita. Uku na gwada, kuma na tarar dangin juna ne. Debian ce kaka, Ian Murdock ya kafa ta a 1993, har yau 'yan sa kai ke riƙe da ita. Ubuntu ɗiyarta ce, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a Oktoba 2004, har kamfaninsa Canonical ya riƙa aika faifan CD kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, kafin a daina a 2011. Jikar kuwa ita ce Linux Mint, wadda Clément Lefebvre ya fara a 2006 a kan Ubuntu.

Mai karatu ya sani, ba sai ka goge komai ba kafin ka gwada. Na zuba kowacce a filash, na kunna kwamfutar daga cikinsa, Windows ɗinmu na nan ba a taɓa ta ba. Ubuntu ta fi kyan gani, amma sauko da ita ya ci mini kusan gigabait 6 na data, kuma da na buɗe shafuka biyar sai injin mai gigabait 4 na RAM ya fara nishi. Debian ba ta da rawar kai ko kaɗan, sai dai wajen girka ta tana yin tambayoyin da sabon shiga zai tsaya yana sosa ƙeya. Mint mai fuskar Xfce ce ta zauna daidai. Ba ta kai rabin data da yawa ba, kusan gigabait 3, kuma fasalinta kamar Windows 7, har ƙanena ya buɗe littafin bashi a LibreOffice Calc ba tare da na nuna masa ba. Dukkansu suna da tsarin allon rubutu na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ.

Gaskiya ɗaya ce, akwai cikas. CorelDraw ba ta da bugu na Linux, saboda haka mai zanen katin biki ya yi tunani tukuna. Wanda injinsa mai bit 32 ne kuma, Ubuntu da Mint na yanzu sun daina yi masa. Sannan kafin ka girka, kwashe takardunka zuwa wani filash, don kuskure ɗaya wajen raba faifan ajiya zai tafi da bashin shekara guda.

Na koma wa Baba da amsarsa. Na ce masa kamfanoni irin su Red Hat ba manhajar ba ce jarinsu, hidima da kulawa suke sayar wa manyan ma'aikatu, har IBM ya sayi Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34. Na ƙara da cewa wayar Android da ke aljihunsa ma a kan ƙwayar Linux take. Ya yi shiru, can ya ce, "To, ashe irin maigida ne. Masauki kyauta, riba a la'ada." Wanda ya san yadda iyayenmu suka riƙe fatake a Sabo tun kafuwarta a 1916 ya gane nufinsa.

Yanzu Mint ce a shagon, kuɗin sabuwar kwamfuta kuma ya shiga huhun goro. Duk ɗan uwan da ke da tsohon inji a ƙarƙashin kanta, ya nemi filash ya gwada kafin ya kai shi gwangwan.

Allah Ya sa mu dace.