Datsewar Sanyi: Tarihin Wani Ilmi da Ɗalibai Suka Gina

Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu ina so in kawo wa mai karatu tarihin wani abu da masana yanayi ke nazari a ƙasar Amurka, wanda na ga ya dace mu kira shi datsewar sanyi, watau yadda duwatsu kan tare iska mai sanyi kamar yadda madatsa ke tare ruwa. Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne, duk inda na bi sawun tarihinsa sai in tarar da hannun ɗalibai a ciki, tun daga lokacin da aka fara auna shi har zuwa lokacin da ya shiga kundin sani na intanet, watau Wikipedia.

Mece ce Datsewar Sanyi?

Duk wanda ya taɓa ratsa fadama da asubar hunturu ya san sanyi ya fi kwanciya a kwari, domin iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. To, a gabashin Amurka akwai jerin duwatsu da ake kira Afalashiya, waɗanda suka miƙe wajen kilomita 2,400 daga Kanada zuwa jihar Alabama. Mafi tsawonsu, dutsen Mitchell, ya kai mita 2,037. Idan iska mai sanyi ta taru a arewa maso gabashin ƙasar, takan gangaro ta doshi duwatsun nan, amma nauyinta ba ya barin ta ta haura su. Sai ta taru a gindinsu ta gabas, ta malala kudu maso yamma, ta ratsa jihohin Bajiniya da Karolina ta Arewa da ta Kudu har Jojiya. Mutanen yankin weji suke ce mata, saboda a kan taswira siffarta kamar ta wejin da yaron mota ke sa wa taya ce.

Ita wannan iska ba ta da kauri sosai, sau da yawa ba ta wuce kilomita ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Saboda haka iska mai ɗumi da laima daga tekun Atlantika sai ta hau kanta ta zubo da ruwa. Ruwan kuwa yakan ratsa sanyin nan na ƙasa, da zarar ya taɓa reshe ko wayar lantarki ko kwalta sai ya daskare nan take. Ƙanƙara ta yi ta taruwa har itatuwa su karye, turakun lantarki su faɗi, motoci su yi ta zamiya. A farkon Disamba na shekarar 2002 irin haka ta faru a Karolina ta Arewa, inda gidaje da shaguna fiye da miliyan ɗaya suka rasa wuta cikin tsananin ɗari, wasu har kwanaki.

Yadda Aka Gano Sirrinta

Masu hasashen yanayi na yankin sun daɗe da sanin wejin nan a aikace, amma bayaninsa na ilmi bai kankama ba sai bayan wani abin kunya da ya same su. A ranakun 18 da 19 ga Fabrairu 1979 dusar ƙanƙara ta rufe birnin Washinton, tudunta ya kai kusan rabin mita, alhali kuwa hasashen da aka yi bai nuna za ta yi yawa haka ba. Wani malamin jami'ar Albany, Lance Bosart, ya bi diddigin abin, ya buga sakamakonsa a 1981. Ya nuna cewa sanyin da ya kwanta a gabashin duwatsu, da karon da ya yi da iskar teku mai ɗumi a bakin gaɓa, suna cikin abubuwan da suka haifar da guguwar.

Daga nan sai aiki ya tashi haiƙan. Daga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Maris 1986 jami'o'i da hukumomin gwamnati suka haɗa ƙarfi a yankin Karolina, da jiragen sama da na ruwa da balan-balan masu ɗauke da na'urori, suna aunon iska dare da rana. A 1987 Forbes da Anthes da Thomson suka buga nazarinsu a kan ruwa mai daskarewa da datsewar sanyi ke kawowa. A 1988 kuma Gerald Bell, wanda ya yi karatun babban digiri a Albany, shi da malaminsa Bosart suka fitar da maƙalar da har yau ake komawa gare ta, a mujallar Monthly Weather Review. Sun duba bayanan shekara 50, suka tabbatar abin yana faruwa a kowane lokaci na shekara, amma ya fi yawa da ƙarfi a lokacin ɗari. Sun kuma bayyana dalilin malalar iskar: juyawar duniya kan karkatar da iska mai tafiya, kamar yadda Bafaranshen nan Coriolis ya yi lissafi tun 1835, to idan dutse ya rage mata gudu sai karkatarwar ta raunana, iskar ta miƙe kai tsaye daga inda ta yi cunkoso zuwa inda ta yi ƙaranci, tana bin gindin dutsen.

A 2003 aka ƙara wani tubali. Christopher Bailey na jami'ar jihar Karolina ta Arewa, da malaminsa Gary Lackmann, da ma'aikatan ofishin hasashen yanayi na birnin Raleigh, suka fitar da hanyar tantance datsewar sanyi da rarraba ta iri-iri. Akwai wadda babban taron iska na arewa ke turowa, akwai wadda ruwan sama ke haifarwa a wurin, domin idan ya sauka cikin busasshiyar iska yakan tsotse ɗuminta kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, akwai kuma ruwa biyu. Wannan rarrabewa ta taimaki mai hasashe ƙwarai, domin na'urorin kwamfuta sun yi suna wajen nuna sanyin zai watse tun lokacinsa bai yi ba.

Daga Mujalla Zuwa Kundin Kowa

Duk wannan ilmi a mujallun masana yake, cikin lissafi da kalmomi masu wuya, waɗanda direba da manomi da malamin firamare ba sa gani. A ranar 15 ga Janairu 2001 Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia, kundin da kowa ke iya rubutawa a ciki ya kuma gyara na wani. Da farko malaman jami'a da yawa sun hana ɗalibansu dogara da shi. Amma a 2008 wani malami a jami'ar British Columbia ta Kanada, Jon Beasley-Murray, ya juya abin: ya ba ɗalibansa aikin gyara maƙalun adabin Latin Amurka a maimakon jingar da aka saba, har uku daga ciki suka kai matakin maƙalu mafiya inganci na kundin. A 2010 gidauniyar Wikimedia ta fara shiri na musamman da jami'o'in Amurka, a 2013 kuma aka kafa gidauniyar Wiki Education don ci gaba da shi a Amurka da Kanada. Ta wannan ƙofa ɗaliban fannoni da dama, har da na kimiyyar ƙasa da yanayi, suka shiga gyaran kundin.

Ni a ganina, batu irin na datsewar sanyi yana nuna amfanin wannan aikin gayya fiye da kowanne. Dokar kundin ita ce ba ka rubuta ra'ayinka ko bincikenka na kanka, sai abin da aka riga aka buga, kuma dole ka nuna inda ka samo. Ke nan ɗalibin da zai gyara maƙalar sai ya karanta Bell da Bosart da idonsa, ya fahimta, sannan ya faɗa da harshen da ƙaninsa zai gane. Wani ya ɗauki sashen yadda abin ke faruwa, wani na hasashe, wani ya zana taswira. Wani kuma ya tuna wa 'yan'uwansa cewa ba Amurka kaɗai ke da duwatsu ba: ana samun irin wannan a gabashin duwatsun Andes na Amurka ta Kudu, da kwarin kogin Po a Italiya, da tudun Guizhou na ƙasar Sin, inda ruwa mai daskarewa ya yi mummunar ɓarna a farkon 2008. Idan an sami saɓani, akwai shafin muhawara a bayan kowace maƙala, kuma duk gyaran da aka yi yana nan a ajiye da ranarsa. Jingar da malami ɗaya zai karanta ya jefa a kabad, ga ta nan dubban mutane na karantawa, wasunsu a daren da aka yi musu gargaɗin ƙanƙara. Kuskure a irin wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ido da yawa ya fi ido ɗaya.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda ilmin datsewar sanyi ya taso daga guguwar 1979, ya bi ta hannun ɗalibai da malamansu da ma'aikatan hasashe, har ya iso inda kowa zai same shi kyauta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wikipedia tana da sashen Hausa, kuma ɗaliban labarin ƙasa da na harshe duk a jami'a ɗaya muke kwana muna tashi. Su suna da bayanin, mu muna da kalmomin. Kalmar datsewar sanyi da na kawo a nan shawara ce kawai, wanda yake da wadda ta fi ta, fili a buɗe yake.